Kuɗin Gwamnati da Kamfanonin Fasahar Sarrafa Halittu: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa gwamnati take zuba kuɗi a harkar da 'yan kasuwa ne za su ci ribarta?

Dalilin shi ne tsawon jira da yawan asara. Samar da sabon magani yakan ɗauki shekara 10 zuwa 15, kuma cikin magunguna goma da aka fara gwadawa a jikin mutane, kusan tara ba sa kaiwa kasuwa. Mai jari ba ya son sa dukiyarsa a binciken da bai fita daga ɗakin gwaje-gwaje ba, ita kuwa jami'a ba ta da ƙarfin mayar da sakamakon bincikenta haja. A wannan tsakanin ne ƙananan kamfanoni suke durƙushewa, kuma nan ne kuɗin baitulmali ya fi yin amfani.

Ta wace hanya kuɗin yake isa ga masu kafa kamfani?

A Amurka, hukumar binciken lafiya ta ƙasa, NIH, tana kashe sama da dala biliyan 40 a shekara, mafi yawansu a jami'o'i da asibitoci. Dokar Bayh-Dole ta 1980 ta ba jami'o'i damar mallakar abin da suka ƙirƙira da kuɗin gwamnati, su kuma ba kamfanoni lasisinsa, sannan a 1982 aka kafa shirin SBIR, wanda yake ware wani kaso na kuɗin bincike domin ƙananan kamfanoni ba tare da gwamnati ta karɓi hannun jari a cikinsu ba. Jihohi ma suna sa nasu: a 2008 Gwamna Deval Patrick na Masacusets ya sa hannu a kan shirin dala biliyan 1 na shekara goma domin bunƙasa fasahar sarrafa halittu a jihar.

Ke nan duk yankin da ya zuba kuɗi zai samu irin wannan ci gaba?

Ko kusa. Kafin shirin 2008, yankin Boston, babban birnin jihar Masacusets, yana da jami'ar Harvard da jami'ar fasaha ta MIT da manyan asibitocin koyarwa, kuma tun 1977 birnin Kambirij da ke maƙwabtaka da Boston ya yi dokar da ta fayyace ƙa'idojin binciken sauya ƙwayoyin gado, abin da ya ba kamfanoni irin Biogen natsuwar zama a can. Kuɗin jihar ya tarar da tukunya tana tafasa ne, ya ƙara mata wuta. Jihar Karolina ta Arewa kuwa ta buɗe filin bincikenta tsakanin jami'o'i uku a 1959, ta kafa cibiyar fasahar halittu a 1984, ta kuma jira shekaru masu yawa kafin ta ga amfanin. A ganina, kuskuren da aka fi tafkawa shi ne fara gina manyan gine-gine, domin su ne ake iya buɗewa da biki, alhali ƙwararrun da za su zauna a ciki ba a horar da su ba.

Shin mai biyan haraji yana samun rabonsa?

Nan ne muhawara ta fi zafi. Yankin yakan samu ayyukan yi da haraji, amma maganin yakan fito da tsada. Dokar Bayh-Dole ta ba gwamnati ikon miƙa lasisi ga wani kamfani idan jama'a ba sa amfana, sai dai ba ta taɓa amfani da ikon ba. Kalifoniya ta bi wata hanya: bayan masu zaɓe sun amince da dala biliyan 3 domin binciken ƙwayoyin asali (ƙwayoyin halitta da suke iya rikiɗa zuwa wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki) a 2004, an shardanta cewa wani kaso na kuɗin da ƙirƙirar ta jawo zai koma asusun jihar.