Karma: Me Ake Nufi Da Ita A Inda Ta Fito?

A 'yan shekarun nan kalmar karma ta zauna daram a bakin matasanmu. Saurayi ya yaudari yarinya, shekara ta zagayo wata ta yi masa irin abin da ya yi, sai ka ga an cika Facebook da "karma ce ta kama shi." Ɗan siyasa ya ci amanar ubangidansa, shi ma yaronsa ya juya masa baya, nan ma a ce karma. Abin da masu faɗin haka ke nufi a fili yake, kuma Bahaushe ya daɗe da sa masa suna: alhaki, wanda aka ce kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Amma a Indiya, inda kalmar ta fito, karma aƙida ce mai zurfi da aka shafe fiye da shekara 2,500 ana muhawara a kanta, kuma addinai huɗu ne suka riƙe ta: Hindu, Buddha, Jain da Sikh.

A harshen Sanskirit, tsohon harshen malaman Indiya, ma'anar karma ita ce aiki. A tsofaffin littattafansu da ake kira Veda, aikin da ake nufi shi ne na ibada, wato hadayar da limamai ke yi a gaban wuta. In an yi ta daidai, ba a tsallake ko harafi ɗaya na karatun ba, sakamakonta zai zo. Sai daga baya ne ma'anar ta faɗaɗa ta haɗe duk abin da mutum ya aikata, da hannu ko da baki ko da zuciya.

Akwai wani wuri a littafin Brihadaranyaka Upanishad, wanda masana ke ɗora rubuta shi wajen ƙarni na 7 ko na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da ke nuna lokacin da wannan tunani yake sabo. Ana muhawara a fadar Sarki Janaka na Videha, sai wani malami mai suna Artabhaga ya tambayi wani babban malami, Yajnavalkya: idan mutum ya mutu, maganarsa ta koma wuta, numfashinsa ya koma iska, idonsa ya koma rana, jikinsa ya koma ƙasa, to shi mutumin yana ina? Yajnavalkya bai amsa a gaban jama'a ba. Ya ce ya kama hannunsa su fita, wannan magana ta su biyu ce kaɗai. Da suka keɓe, littafin ya ce abin da suka tattauna shi ne karma: mutum yana zama nagari da kyakkyawan aiki, yana zama mugu da mummunan aiki.

A lura da tambayar da ta jawo amsar. Tambaya ce a kan bayan mutuwa. Nan ne masu aron kalmar a intanet suka bar fiye da rabin kayan a tasha. A wajen masu ita, karma tana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da samsara, wato imanin cewa mai rai yana mutuwa ana sake haihuwarsa, sau ba adadi, wani lokaci mutum, wani lokaci dabba, wani lokaci a wata duniyar jin daɗi ko ta azaba da ita ma ke da ranar ƙarewa. Aikin da ka yi yau yana iya nuna a wannan rayuwa, yana iya jira sai ta gaba, ko ta gaban ta gaba. Malam Abu Raihan al-Biruni, wanda ya koyi Sanskirit ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen shekarar 1030, ya gane muhimmancin wannan sarai. Ya ce yadda kalmar shahada take alamar Musulunci, haka tanasuhi, wato sake dawowar rai a wani jiki, yake alamar addinin Hindu.

Abu na biyu da ya kan ba mutanenmu mamaki shi ne, babban burin waɗannan addinai ba tara karma mai kyau ba ne. Mai kyan ma ɗauri ce, domin dole a sake haihuwarka ka ci ladanta, ladan ya ƙare, ka dawo fagen wahala. Burin shi ne fita daga zagayen gaba ɗaya. 'Yan Hindu da Jain suna kiran wannan fita moksha, 'yan Buddha suna cewa nirvana.

Malaman Hindu sun kasa karma gida uku, sukan kuma ba da misali da maharbi. Kiban da ke cikin kwari su ne sanchita, tarin ayyukan rayuwoyin baya da ba su nuna ba tukuna. Kibiyar da ta riga ta bar baka ita ce prarabdha, rabon da ya haifar da wannan rayuwar da mutum ke ciki, ba ta dawowa sai ta faɗi inda za ta faɗi. Wadda ke hannu ana shirin harbawa ita ce kriyamana, aikin yanzu, kuma a kanta ne mutum ke da zaɓi. Saboda haka ba su ɗauki abin a matsayin a naɗe hannu a zauna ba. A Bhagavad Gita, ɗaya daga cikin littattafan Hindu masu tsarki, a filin yaƙin Kurukshetra, lokacin da jarumi Arjuna ya ajiye bakansa don ba ya son yaƙar danginsa da malamansa, Krishna, wanda 'yan Hindu ke bauta wa, ya gaya masa cewa aiki ne haƙƙinsa, sakamakon aikin kuwa ba nasa ba ne. Koyarwar ita ce, aikin da aka yi ba tare da kwaɗayin sakamako ba, ba ya ɗaure mai shi.

Siddhartha Gautama, wanda aka fi sani da Buddha, an haife shi a Lumbini da ke ƙasar Nepal ta yau. Shi ya mayar da maganar kacokan kan niyya. An ruwaito shi yana cewa niyya ita ce abin da yake kira karma, don sai mutum ya ƙudurta sannan yake aikatawa da jiki ko baki ko zuciya. Wanda ya taka ƙwaro bai sani ba, babu komai a kansa. Musulmin da ya karanta hadisin farko na Arba'una zai ji kamar ya san wannan magana, kuma lallai akwai kama, amma a tsarin Buddha babu mahalicci mai hisabi. Aiki da kansa yake haifar da sakamakonsa.

Mabiya Jain kuwa, almajiran Mahavira wanda ya yi zamani da Buddha, sun bi wata hanya dabam, kuma a ganina su ne suka fi kowa ɗaukar abin da gaske a rayuwar yau da kullum. A wajensu karma wani abu ne mai jiki, ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, da ke manne wa rai kamar yadda ƙurar hunturu ke manne wa fatar da aka shafa wa mai. Man shi ne fushi da girman kai da yaudara da haɗama. Cutar da mai rai ita ta fi jawo ƙurar. Shi ya sa za ka ga masu zuhudunsu suna tafiya ba takalmi, riƙe da tsintsiya mai laushi suna share wurin da za su zauna don kada su danne ƙwaro, wasunsu da farin ƙyalle a baki. Da yawa daga mabiya ba sa cin dankali da albasa da tafarnuwa, saboda tono su yana kashe tsiron da ƙananan halittun da ke ƙasa, kuma ba sa cin abinci bayan faɗuwar rana. Ba su da yawa, wajen miliyan 4.5 ne a ƙidayar Indiya ta 2011. Su kuma 'yan Sikh, mabiya Guru Nanak da aka haifa a 1469 a yankin Punjab, sun yarda da karma, amma sun ce tsira sai da rahamar Ubangiji ɗaya.

Kalmar ta shiga bakin Turawa sosai a ƙarshen ƙarni na 19, ta hanyar ƙungiyar Theosophy da Helena Blavatsky da Henry Olcott suka kafa a New York a 1875, da jawaban Swami Vivekananda da ya yi suna a taron addinai na Chicago a 1893. A can ne aka yi ta sassaƙe ta har ta koma "abin da ka shuka shi za ka girba," sannan fina-finai da waƙoƙi da intanet suka kawo mana ita a haka. Ko a Indiya ma ma'anar ta yi sako-sako a bakin talaka. Binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2021 ya nuna kashi 77 cikin ɗari na 'yan Hindu sun ce sun yarda da karma, kuma kashi 77 na Musulmin ƙasar ma sun faɗi haka, alhali 'yan Hindun da suka ce sun yarda da sake haihuwa kashi 40 ne kawai. A aƙidar Musulunci da ta Kiristanci dai rayuwar duniya ɗaya ce, bayanta tashin ƙiyama da hisabi, kuma akwai Mai hukunci da ke karɓar tuba.

Inda abin ya fi taɓa mini zuciya shi ne yadda ake karanta karma ta baya. Idan kowane hali da mutum ke ciki ladan aikinsa ne na wata rayuwa, to makaho da gurgu da matalauci su suka jawo wa kansu ke nan. Wannan ba zato ba ne. Littafin Chandogya Upanishad ya ce masu halin kirki za a haife su a gidan Brahmin ko Kshatriya ko Vaishya, wato manyan azuzuwa uku na al'ummar Hindu, masu mugun hali kuwa a cikin kare ko alade ko Chandala, wato mutanen da aka ware ba a taɓa su. An yi ƙarnoni ana kafa hujja da irin wannan don danne miliyoyin mutane. Shi kansa Buddha ya ƙi wannan karatu. Da wani mai zuhudu, Sivaka, ya tambaye shi ko duk abin da mutum ke ji na daɗi ko zafi daga aikin baya ne, ya ce masu faɗin haka sun wuce gona da iri: wani ciwon daga matsarmama ne, wani daga majina, wani daga sauyin yanayi, wani daga sakaci, wani daga harin da aka kai wa mutum.

Bhimrao Ambedkar ya ɗanɗani wannan da jikinsa. An haife shi a 1891 a cikin jinsin Mahar da ake ƙyama. A makaranta a gefe yake zama a kan buhun da yake zuwa da shi daga gida, kuma ba shi da ikon taɓa wurin ruwan sha, sai masinjan makaranta ya tsiyayo masa. Ranar da masinja bai zo ba, da ƙishi zai wuni. Yaron nan ne ya yi karatu a Jami'ar Columbia da kuma Landan, ya shugabanci kwamitin da ya tsara kundin tsarin mulkin Indiya da ya fara aiki ranar 26 ga Janairu, 1950, wanda sashensa na 17 ya haramta ware mutane a matsayin waɗanda ba a taɓawa. Ya yi watsi da cewa haihuwar mutum a ƙasƙantaccen gida horo ne na laifin wata rayuwa, ya fassara karma da abin da ayyukan mutane ke haifarwa a cikin al'umma, a nan duniya. Ranar 14 ga Oktoba, 1956, a birnin Nagpur, ya bar addinin Hindu ya shiga na Buddha tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa. Ya rasu ranar 6 ga Disamba na wannan shekarar.