Sansevieria, shukar ado mai jure ƙishirwa

Sansevieria shuka ce mai dogayen ganyayyaki masu kauri da ke miƙewa tsaye kamar takobi, kore ne ganyen da ratsi-ratsi a kwance, wani nau'in da ake kira Laurentii kuma yana da rawaya a gefe. Ita ce za ka gani a tukunya a ƙofar banki ko otal ko falon gida. Mutane da yawa ɗauka suke daga Turai aka kawo ta, alhali asalinta yammacin Afirka ne, daga Najeriya har zuwa Kwango, kuma dangi ɗaya suke da moɗa da ke fitowa a daji wadda ake cire zarenta a yi igiya. A 2017 masana tsirrai suka mayar da ita cikin dangin Dracaena, sunanta na kimiyya yanzu Dracaena trifasciata, amma masu sayar da fulawa har yau tsohon sunan suke kira.

Tsayinta yakan kai santimita 70 zuwa 90, wata ma ta wuce mita ɗaya. Ruwa take ajiyewa a ganye da kuma saiwar da ke rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, sannan da rana ƙofofin numfashin ganyenta a rufe suke sai dare suke buɗewa, shi ya sa ba ta asarar ruwa sosai.

To nan fa matsalar take. Yawancin waɗanda tasu ta mutu ba ƙishirwa ce ta kashe ta ba, ruwa ne ya yi mata yawa, mutum saboda so kullum da safe sai ya zuba mata kofi guda har saiwar ta ruɓe, ganye ya yi laushi daga gindi ya koma rawaya ya kwanta, wani lokaci har da wari. Ka tura yatsa cikin ƙasar, in akwai danshi ka ƙyale ta. Lokacin zafi sau ɗaya a sati biyu ya isa, da hunturu kuwa sau ɗaya a wata ma babu laifi, da damina in a waje take a janyo ta ƙarƙashin rumfa. Dole tukunya ta zama da huji a ƙasa, kuma gaskiya ta yumɓu ta fi ta roba don tana shan danshi. A haɗa ƙasa da yashi mai tsakuwa rabi da rabi, taki ɗan kaɗan kawai.

Tana rayuwa a ɗaki mai ƙarancin haske amma girman zai yi nawa, ta fi son kusa da taga. Ranar Maris da Afrilu kai tsaye tana ƙona ganyen, sanyi ƙasa da digiri 10 shi ma yana illata ta. A riƙa goge mata ƙura da tsumma mai ɗan danshi.

Wajen yaɗa ta hanya mafi sauƙi ita ce a raba 'ya'yan da ke tsirowa a gefe tare da saiwarsu. Ana kuma iya yanka ganye gunduwa-gunduwa a bar shi kwana biyu ko uku bakin ya bushe sannan a dasa, ɓangaren ƙasa ya kalli ƙasa, sai dai mai gefen rawaya in aka yi mata haka sabon tsiron kore zalla yake fitowa.

Ana yawan cewa tana tace iska saboda binciken NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, na 1989, amma a cikin rufaffen akwati aka yi gwajin, tukunya ɗaya ba za ta gyara iskar falo ba. Ganyenta yana da sinadarin saponin da ke sa kyanwa ko kare amai da gudawa in sun tauna, don haka a ajiye ta inda su da ƙananan yara ba za su kai ba.