Motar da ta fi gudu ba lallai ta fi rashin nauyi ba

An daɗe ana ɗauka cewa in kamfani ya fitar da samfurin mota mai tsananin gudu, to ya rage mata nauyi ne. Sau da yawa akasin haka ne.

Dubi Porsche 911 ta 2020. Samfurin Carrera na da nauyin kilo 1,505 da ƙarfin doki 385. Turbo S kuwa doki 650 gare ta, amma ta kai kilo 1,640. Ina ƙarin ya fito? Injinta ya fi girma, turbo ɗinta, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ma haka. Injin da ke zafi irin wannan sai an ƙara masa lagireto da bututun sanyaya iska. Da wuya tayoyin baya kaɗai su riƙe wannan ƙarfi, suna iya yin ta murza kwalta a banza, shi ya sa aka haɗa na gaba ma da injin ta hanyar shaf, wato sandar ƙarfe mai juyawa, da ƙarin giya. Tayoyin kansu faffaɗa ne, faifan birki kuma kamar faranti.

Duk da wannan kaya, cikin daƙiƙa 2.7 Turbo S take kai gudun kilomita 100 a awa daga tsaye, Carrera sai 4.2. Abin dubawa shi ne kilo nawa kowane doki ke ja: Turbo S kusan biyu da rabi, Carrera kusan huɗu.