Amurka Ta Zaftare Kuɗin Fatar Ɗinke Gyambo: Tambayoyi da Amsoshi

Tun daga 1 ga Janairun 2026, Medicare, inshorar lafiyar gwamnatin Amurka ta 'yan shekara 65 zuwa sama da wasu naƙasassu, wadda aka kafa a 1965, ta sauya yadda take biyan kuɗin fatar da ake shimfiɗa wa gyambo. Masu sana'ar kula da rauni a can har yanzu ba su gama farfaɗowa ba.

Wace irin fata ce wannan?

Wani siririn abu ne da likita ke ɗorawa a kan mikin da ya ƙi warkewa, musamman gyambon ƙafar mai ciwon suga da wanda rashin gudun jini a jijiyoyin ƙafa ke haddasawa. Da yawa ana yin su ne da tantanin mabiyiya da ake karɓa bayan haihuwa. Akwai kuma na fatar kifi da na hanjin alade. Ana sayar da su da awo, santimita ɗaya murabba'i, wato kamar faɗin farcen yatsa.

Me ya tayar da hankalin gwamnati?

Lissafi ne. A 2019 Medicare ta kashe kimanin dala miliyan 250 a kan waɗannan fatu. A 2024 kuɗin ya haura dala biliyan 10, kusan ninki 40. Masu gyambo ba su ƙaru haka ba, farashi ne ya yi tashin gwauron zabi.

Tsohon tsarin shi ya buɗe ƙofa. A da ana biyan likita matsakaicin farashin da kamfani ke sayarwa, a ƙara masa kashi 6 cikin 100. Ke nan gwargwadon tsadar kaya, gwargwadon ribarsa. Sabon kaya kuwa da ba a tattara bayanan cinikinsa ba, kusan abin da kamfani ya rubuta shi ake biya, sai kamfanin ya yi wa likita ragi a gefe, rarar ta shige aljihu. Wasu fatun sun haura dala 2,000 kowane santimita. A ɗauki miki mai tsawon santimita 5 da faɗin 4: shimfiɗa ɗaya dala 40,000 ke nan, kuma akan maimaita mako bayan mako. Wa zai sayi mai araha a irin wannan kasuwa?

Ga kuma damfara. A Arizona an ɗaure wasu ma'aurata shekara fiye da goma kowannensu saboda takardun neman biyan kuɗi na bogi na sama da dala biliyan 1, har da fatun da aka liƙa wa tsofaffin da ke kan gadon mutuwa.

To yanzu nawa ake biya?

Farashi ɗaya ga galibinsu, kusan dala 127 kowane santimita. Mikin can na dala 40,000 ya koma kimanin 2,540. Hukumar CMS, mai kula da Medicare, ta ƙiyasta jimillar kuɗin da ake kashewa a kan fatun za ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100.

Wa abin ya fi shafa?

Kamfanonin da suka gina kasuwancinsu a kan tsada, da dillalansu, sannan ma'aikatan lafiyar da ke bin gidaje da gidajen tsofaffi suna wanke miki. Waɗannan na ƙarshe su ne abin dubawa. A cikinsu akwai masu gaskiya da ribar fatar ce ke ɗaukar kuɗin man mota da albashin nas zuwa ƙauyuka. Sassan asibitoci masu duba marasa lafiya su sallame su kuwa, wasunsu ma riba suka ci, domin a da kuɗin fatar a dunƙule yake cikin kuɗin aikin, yanzu an ware shi daban.

Marasa lafiya fa, za a yi ta yanke ƙafafu?

Abin da kamfanoni ke gargaɗi ke nan, amma ni ina ganin akwai zuzutawa. Tushen jinyar gyambo bai canza ba: a kankare mataccen nama, a kashe ƙwayoyin cuta, a ɗauke nauyi daga ƙafar, a ɗaure da bandeji mai matsewa idan na jijiya ne, a daidaita suga. Sai an yi waɗannan na makonni mikin bai warke ba ake zuwa ga fata. Inda tsoron yake da tushe shi ne tsohon da ba ya iya fita daga gida: idan motar nas ta daina zuwa, har wankin mikin ma ya rasa.