Shin sai mai digiri ne ke zama ɗan majalisar jiha?

Duk lokacin da aka rantsar da sababbin 'yan majalisar dokokin jiha, sai ka ji ana cewa wane ɗan kasuwa ne kawai, ba shi da digiri, ta yaya ya shiga? An daɗe ana ɗaukan cewa kujerar ta lauyoyi ce da 'yan jami'a. Ba laifin masu faɗa ba ne, tunda aikin na yin doka ne.

Amma sashe na 106 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 abu huɗu ya nema: zama ɗan ƙasa, cika shekara 25 (da 30 ce, aka rage a 2018), karatu zuwa matakin sakandare ko kwatankwacinsa, da jam'iyyar da ta tsayar da shi.

Kwatankwacin nan ma da faɗi. Sashe na 318 ya haɗa da shaidar malanta ta Grade II, har da mai takardar firamare idan ya yi aiki shekara 10, ya yi kwas na aƙalla shekara guda, kuma yana karatu da rubutu da Turanci. Shi ya sa za ka ga manomi da tsohon malami a zaure ɗaya. Ma'aikacin gwamnati kuwa sai ya ajiye aiki kwana 30 kafin zaɓe.

Mai son tantancewa ya duba sassan da kansa. Hukumar zaɓe kuma tana liƙa takardun 'yan takara a mazaɓarsu kafin zaɓe.

Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.