Me ya sa masana ke lalata tsiro da gangan? Tambayoyi da amsoshi kan ƙwayoyin gado da fure

Mene ne sauyin ƙwayar gado, kuma me ya sa ake haddasa shi da gangan?

Duk umarnin da tsiro ke bi wajen girma a rubuce yake cikin DNA, da haruffa huɗu kacal: A, T, G da C. Ƙwayar gado wani yanki ne na wannan rubutu mai ɗauke da aiki guda, sauyi kuwa shi ne harafi ya musanya da wani, ko yanki ya ɓace, ko wani baƙon yanki ya kutsa tsakiya har umarnin ya daina karantuwa.

Wanda ya taɓa tsayawa kan mai gyaran wayar mota a Panteka ya san dalilin. Idan akwatin fis ba shi da rubutu, sai ya zare fis ɗaya ya duba abin da ya mutu. In fitilar baya ce ta ɗauke, ya gane aikin wannan fis. Haka masana ke yi, su kashe ƙwayar gado ɗaya su zuba ido su ga abin da zai lalace. Wannan ne ma ya sa sunayen suke zuwa a baibai, domin yawanci da nakasar ake raɗa wa ƙwayar suna. Wadda ake kira AGAMOUS, wato marar aure a harshen Girka, ita ce take samar da sassan haihuwa na fure, amma ta sami sunan ne daga tsiron da ya rasa ta.

Wane tsiro ake wannan aiki da shi?

Mafi yawa da wata 'yar ciyawa ce dangin kabeji mai suna Arabidopsis thaliana, wadda ba a ci, ba a sayarwa. Bajamushe Friedrich Laibach ne ya ba da shawarar a riƙe ta don bincike a 1943. Cikin mako shida zuwa takwas take tsira ta yi fure ta ba da iri, tsiro ɗaya na zubar da dubban 'ya'ya, kuma ita ke yi wa kanta barbara. A shekarar 2000 ta zama tsiro na farko da aka karance rubutun gadonsa, inda ake lissafa ƙwayoyin gado kusan 27,000. Mai bincike da dawa sai ya jira wata da watanni kafin ya ga zuriya ɗaya, alhali mai wannan ciyawa ya ga zuriya biyar ko shida a shekara, a kan kanta guda.

Ta wace hanya ake haddasa sauyin?

Tun 1928 Lewis Stadler ya nuna a Amurka cewa hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi yana sauya gadon sha'ir da masara. Daga baya aka fi amfani da wani sinadari mai guba da ake kira EMS, wanda ake jiƙa iri a cikinsa na wasu sa'o'i, ya riƙa musanya haruffa nan da can ba tare da zaɓi ba. Akwai kuma ƙwayar cutar ƙasa, Agrobacterium, wadda ɗabi'arta ce cusa guntun DNA cikin tsiro. Idan guntun ya faɗa cikin wata ƙwayar gado, yawanci sai ta lalace. Daga 2012 fasahar CRISPR ta ba da damar a nufi ƙwayar da ake so kai tsaye.

Wahalar tana wajen nema. Tsiro irin Arabidopsis na da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, kuma sau da yawa lafiyayyen kwafin yana rufa wa gurɓataccen asiri, saboda haka zuriyar farko takan fito kamar ba abin da ya same ta. Sai a zuriya ta biyu, idan gurɓatattun kwafi biyu suka haɗu, nakasar ke bayyana, kuma mai bincike zai bi dubban tsirrai ɗaya bayan ɗaya kafin ya ci karo da wanda furensa ya fita daban.

Me aka gano game da yadda fure ke ginuwa?

Mai karatu ya tsinko furen kuɓewa ya ɓare shi a hankali daga waje zuwa ciki. Zai tarar da koren rufi da ya lulluɓe toho, sai ganyen ado rawaya mai jan gindi, sai sashen maza mai fitar da ƙurar barbara, sannan can tsakiya sashen mace, wanda gindinsa ne ke kumbura ya zama kuɓewar da ake miya da ita. A furen Arabidopsis ma zagaye huɗun nan ne: rufi huɗu, ganyen ado huɗu, maza shida, da mata biyu a manne.

A 1991 Enrico Coen a Ingila da Elliot Meyerowitz a Amurka suka fito da bayanin da ake kira tsarin ABC, bayan an tattara nakasassun furanni an lura cewa nakasar tana bin ƙa'ida. Rukuni uku ne na ƙwayoyin gado, kowanne yana aiki a zagaye biyu masu maƙwabtaka. A shi kaɗai yana ba da rufi, A da B su ba da ganyen ado, B da C su ba da maza, C shi kaɗai ya ba da mata. Idan aka kashe B, sai a sami rufi a gurbin ado, mata a gurbin maza. A da C kuwa kishiyoyi ne, inda ɗaya ya kau ɗayan ke mamaye wurin. Shi ya sa idan AGAMOUS, wadda ita ce C, ta mutu, maza ke rikiɗewa su zama ganyen ado, a tsakiya kuma maimakon mace sai wani sabon fure ya ɓullo, a cikinsa wani, a cikin wannan ma wani. Furen wardi mai ninki-ninki da masu sayar da shuke-shuken ado ke jerawa a bakin titi yana da alaƙa da raunin wannan aiki, domin wardin daji ganyen adonsa biyar ne kawai.

Gwajin da ya fi ƙayatar da ni shi ne wanda aka kashe rukunan uku gaba ɗaya, sai kowane sashe na furen ya koma mai kama da ganye. Marubucin Jamus Goethe ya faɗa tun 1790 cewa sassan fure ganye ne da aka sauya wa kama, kuma sai da aka shafe shekara 200 kafin a nuna hakan a ɗakin gwaji.

Gajerun tsirrai fa, me suka koyar?

Tsayin kara ya dogara ƙwarai ga wani sinadarin girma mai suna jibarelin. Wasu gajerun tsirrai ba sa iya haɗa shi, don haka idan aka fesa musu sai su miƙe. Wasu kuma suna da shi amma ba sa jin kiransa, ko an fesa ba sa motsi. A 1999 aka tabbatar cewa ƙwayar gadon da ta gajarta alkamar da Norman Borlaug ya inganta a Meziko 'yar'uwa ce ga GAI ta Arabidopsis, wadda ke cikin kashi na biyu. Shinkafar IR8 da aka fitar a Filifin a 1966 tana kashi na farko. Amfanin gajarta a gona sananne ne ga duk wanda iska ta taɓa kwantar wa da hatsi bayan ya zuba taki.

Wannan bincike ya shafi manomin Kaduna kuwa?

Ya shafe shi ta wajen lokacin fure. Manomin dawar gargajiya ya san cewa ko ya yi shuka da ruwan farko ko ya makara da 'yan makonni, dawar ba za ta fid da kai ba sai damina ta doshi ƙarshe. Tsawon yini take aunawa, duk da cewa a Kaduna bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce sa'a ɗaya da 'yan mintuna ba. Tun shekarun 1930 aka gano cewa ganye ne ke wannan awo, sannan ya aika saƙo zuwa kan tsiro, kuma ta hanyar tsirran Arabidopsis masu jinkirin fure ne a 2007 aka nuna cewa saƙon furotin ne na ƙwayar gado mai suna FT. Sai dai ba a kwafo sakamakon yadda yake, domin Arabidopsis dogon yini ke sa ta fure, dawa kuwa gajere. A dawa, sauyi a ƙwayar Ma1 na cikin abin da ya sa ta daina jiran gajeren yini har aka iya noma ta a sassan Amurka masu dogon yinin bazara. Masu inganta iri a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke fitar da dawar SAMSORG da waken SAMPEA, da irin wannan hali suke aiki idan suna neman iri mai nuna da wuri.

Tsiron da aka sauya haka shi ne abin da ake ce wa GMO?

Ba lallai ba, domin yawanci GMO na nufin halittar da aka cusa wa guntun DNA a ɗakin gwaji. Wanda aka jiƙa a EMS ko aka haska ba a saka masa komai daga wata halitta ba, nasa rubutun ne ya sauya. Wanda aka cusa wa guntun DNA da Agrobacterium kuwa yana cikin wannan rukuni, kamar waken SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019, mai ɗauke da ƙwayar gado daga wata ƙwayar cutar ƙasa don kare shi daga tsutsar da ke huda kwanson wake, kuma a Najeriya irin wannan sai da izinin hukumar NBMA, mai sa ido kan halittun da aka sauya wa gado, da aka kafa a 2015.