Ƙayyade Yawan Buƙatu a Sabar

Ƙayyade yawan buƙatu dabara ce da masu kula da sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet tana miƙa su ga masu nema, ke amfani da ita wajen iyakance adadin buƙatun da kwamfuta ko manhaja ɗaya za ta iya aikowa cikin wani lokaci, misali buƙata goma a daƙiƙa. Ta fi muhimmanci ga wanda ke gudanar da sabarsa da kansa, domin ƙaramar na'ura ba ta da ƙarfin manyan kamfanoni, kuma da zarar an haɗa ta da intanet sai manhajoji masu sarrafa kansu su fara gwada kalmomin sirri a shafin shiga, ko kwashe bayanan shafuka, ko laluben kafar kutse.

Ɗaya daga cikin tsare-tsaren da suka fi shahara shi ne na bokiti mai yoyo, wanda Jonathan Turner ya bayyana a 1986. Ana ɗaukar buƙatu tamkar ruwan da ake zubawa a bokiti mai huda: komai yawan abin da aka zuba, fitarsa a kan ma'auni ɗaya take, idan kuma bokitin ya cika, ragowar ta zube. Manhajar gudanar da sabar mai suna Nginx, wadda Igor Sysoev ɗan ƙasar Rasha ya fitar a 2004, da wannan tsarin take aiki. Da umarnin limit_req_zone ake zaɓar abin da za a ƙirga da shi, wanda galibi adireshin IP ne, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, tare da girman ma'adanar da ake ajiye ƙirgar a ciki da saurin da aka yarda da shi, sannan a ɗora dokar a kan sashen da ake son karewa da umarnin limit_req. Megabait ɗaya na ma'adanar kan riƙe bayanan adireshi kusan 8,000 zuwa 16,000, gwargwadon irin na'urar.

Akwai wurin da sababbin hannu ke yawan tuntuɓe. Idan aka rubuta buƙata goma a daƙiƙa, Nginx na fahimtarsa a matsayin buƙata ɗaya a kowane kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, saboda haka buƙatu biyu da suka iso tare, ta biyun za a ƙi ta. Shafi guda kuwa yakan jawo hotuna da fayiloli da dama a lokaci ɗaya, don haka doka mai tsauri tana iya lalata shafin a idon baƙon da bai yi laifin komai ba. Maganin wannan shi ne saitin burst, wanda ke ba da damar jera rarar buƙatu a layi har zuwa adadin da aka ƙayyade, da kuma nodelay, wanda ke sa a amsa su nan take ba tare da jinkiri ba.

Idan ba a sauya saitin ba, Nginx na mayar wa wanda ya wuce iyaka lambar amsa 503, wadda ke nufin sabar ba ta iya aiki a lokacin. Ya fi dacewa a mayar da ita 429, lambar da takardar ƙa'ida ta RFC 6585 ta kafa a 2012 musamman don nuna cewa buƙatun sun yi yawa, domin manhaja mai bin ƙa'ida ta gane cewa sassautawa ake so ta yi.

Babbar matsala ita ce adireshin IP ba mutum ba ne. Kamfanonin sadarwar wayar salula sukan haɗa ɗimbin masu amfani a ƙarƙashin adireshi ɗaya saboda ƙarancin adireshin IPv4, wato tsohon tsarin adireshin IP, haka ma makarantu da ofisoshi. A ƙasashe irin su Najeriya da Nijar, inda akasarin jama'a ta waya suke shiga intanet, iyaka mai tsanani na iya rufe wa mutane masu yawa ƙofa saboda laifin mutum ɗaya. Haka nan idan sabar na bayan wani mai shiga tsakani kamar Cloudflare, duk buƙatu za su bayyana da adireshinsa, sai an saita set_real_ip_from kafin a ga na ainihin baƙon. Shi ya sa ya fi kyau a tsananta a shafin shiga da na bincike, a sassauta a kan hotuna, sannan a fara da limit_req_dry_run, wanda ke rubuta waɗanda da an tare ba tare da an tare su ba.

Ana yawan haɗa dabarar da Fail2ban, manhajar da ke karanta rajistar sabar tana toshe adireshin da ya nace na wani lokaci. Amma idan harin ya fito daga dubban na'urori a lokaci guda har ya cike layin intanet ɗin kansa, ƙayyadewa a kan sabar ba ta wadatar ba, dole sai an tace buƙatun tun daga wajen kamfanin da ke ba da layin.